Baba, Kar Ka Saya

Ku da kuka daɗe kuna bina a shafin nan kun san ba na ɓoye muku komai, to yau ma ga ni. Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Pei-shan, shekarata ashirin da biyar, 'yar gidan Kuo masu shagon romon naman sa a wani lungu na Tainan. Huɗu da rabi na asuba muke kunna wuta, sha ɗaya ta yi mun kife tukwane.

Ranar Talata ce. Shida ta ɗan gota, ina yanka citta siri-siri, wayata ta motsa a aljihun rigar aikina. Na san shi ne. Na goge hannu na juya wa Mama baya na buɗe.

"An ɗauki hoton. Jijiyar gwiwar hannun ta yage. Tiyata za a yi, shekara ɗaya da rabi babu jifa."

Kafin in haɗiye wannan, wani ya faɗo.

"Ƙungiya za ta sanar ranar Juma'a. Sun ce in kama bakina kafin nan. Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Ke kaɗai, Shan. Na roƙe ki."

"Pei-shan! Tebur na uku citta suke jira, ke kina soyayya da waya!"

Mama ce. Da wasa ta faɗa, amma na yi maza na mayar da wayar aljihu.

Shih Yao-ting ke nan. Duk Tainan an san sunan yanzu, mai jifan ƙwallo ne a wata ƙaramar ƙungiyar wasan besbol a yammacin Amurka, kuma kowa cewa yake nan da shekara biyu yana babbar gasa. Mu kuwa tun yana ɗan sakandare muka san shi, yana shigowa da takalma duk jar ƙasa, Baba na ƙara masa shinkafa ba tare da ya tambaya ba. Hunturun da ya dawo hutu shekara biyu da suka wuce ya raka ni kasuwar furanni, daga nan abin ya fara. Babu wanda ya sani a gidanmu.

Za ku ce me ya sa? Baba ne. Shi ma ya yi jifa yana saurayi, kafaɗarsa ta tashi aiki yana ɗan sha tara, har yau ba ya iya ɗaga tukunya sama da ƙirjinsa da hannun dama. Yana son A-Ting, kamar yadda yake kiransa, son da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba. Amma sau nawa ya faɗa a kan tebur, ɗan wasa a kalle shi a tafa masa, ba a ba shi 'ya. "Ki tambayi uwarki abin da ta gani," in ji shi.

Son nasa ya ƙare a kati. Duk katin da aka buga da hoton A-Ting sai Baba ya nemo shi. Sun haura ɗari biyu, kowanne cikin gidansa na roba, jere a tsofaffin gwangwanayen ganyen shayi a durowar da ke ƙarƙashin teburin turaren kakanninmu. Da yamma in ya yi wanka sai ya sa tabarau ya fito da su yana gogewa da ƙyallen da ko madubin Mama bai yarda a taɓa da shi ba. Guda ɗaya ya gagare shi: mai ruwan zinare, mai sa hannun A-Ting, wanda hamsin kaɗai aka buga a duniya.

Tara da rabi Baba ya jingina kwamfutar hannunsa da kwalbar ruwan waken suya kamar kullum, don safiyarmu ita ce yammacinsu, kuma yau A-Ting ne ya kamata ya fara jifa. Sai ga wani dogon Bature a tsakiyar fili.

Wani tsoho da ke shan romo ya ce, "A'a! Ina yaron namu?"

Baba ya matso da fuska, wuƙa a hannu. Can ya buga cinya.

"Hutu suka ba shi! Ƙara masa aji za su yi, haka suke yi in za su ɗaga yaro. Pei-shan, kin ji? Na faɗa muku kafin watan takwas!"

"Na ji, Baba."

"To ki yi murna mana, kin tsaya kamar an aiko ki."

Na yaƙe haƙora. Na shige bayan tukunya inda tururi zai rufe min fuska.

Mama ta biyo ni tana share hannu. "Goggonki na hanya da Likita. Je ki cire wannan tsumman. Na goge miki shuɗiyar rigar mai ƙananan furanni, tana kan gado. Ki saki gashin, ki ɗan shafa jan baki, ba wanda ya ce ki zama 'yar tsana amma dai."

"Mama, ban ce ina sonsa ba fa."

"Ban ce kin ce ba. Abinci za a ci."

Likita Fang Jui-ming, likitan haƙori, ɗan shekara talatin da biyu, asibitinsa na kansa, gidansa hawa na sha huɗu. Goggo Su-chen, ƙanwar Baba, ita ta haƙo shi. Sau uku muka fita. Ba ya ɗaga murya, yana buɗe min ƙofa, kuma ban taɓa ganin dariyarsa ta kai idonsa ba. Abin da ya sa Baba ya narke masa shi ne shi ma mai tara kati ne, babba ma, a zauren masu kati na manhajar LINE kowa ya san ba wanda ya kai shi katunan A-Ting masu tsada.

Sha ɗaya da kwata suka iso. Goggo cikin jar riga da jakarta mai sarƙa, shi kuma farar riga ba ko lanƙwasa ɗaya, da kwandon mangwaro. Ya rusuna wa Baba.

"Baffa, na zo maka da wani baƙo."

Ya zaro wani ɗan akwati daga jaka ya buɗe a kan teburin da na gama gogewa. Zinaren ya kama hasken fitila. Ga A-Ting ya ɗaga ƙafa zai yi jifa, ga sa hannunsa da shuɗin biro, ga lamba a gefe, sha bakwai cikin hamsin.

Baba bai taɓa ba. Ya je ya wanke hannu da sabulu tukuna.

"Dala dubu ɗari da tamanin, kuɗinmu na nan, a kasuwa," in ji Likita. "Amma kai, Baffa, ɗari da hamsin. Na fi so ya zauna a gidan da ya ci shinkafa."

Goggo ta dafe ƙirji. "Ka ji mutunci, Yaya! Yaran yanzu wa zai yi maka haka?"

Mama ta ce, "Da wane kuɗin?"

Baba ya sosa ƙeya. "Na tafiyar nan… Hokkaido ba guduwa za ta yi ba, Mei-chu. In aka ɗaga yaron nan katin zai ninka. Baɗi sai mu je har sati biyu."

Shekara talatin da aurensu, tafiyar nan ta zuwa ganin dusar ƙanƙara ita kaɗai Mama ta taɓa roƙa. Ta dube shi, ta dubi katin, ta ce za ta duba shinkafa.

Ni kuwa wata tambaya ce ta tsaya min a rai. Mutumin da watan jiya ya rantse ko an ba shi mota ba zai saki katin nan ba, me ya sa yau?

"Pei-shan," in ji Likita, "na bar wani kwandon a mota. Ko za ki taya ni?"

Muka fita ta ƙofar baya, lungun da ake jera babura. Rana ta take, ruwan na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta na ɗiga a kan kwano. Bai nufi mota ba. Ya tsaya ya gyara hannun rigarsa.

"Wasanni biyu da suka wuce gudun ƙwallonsa ya sauko daga kilomita ɗari da hamsin da biyar a awa zuwa ɗari da arba'in da takwas. Yau kuma babu shi. Me ya same shi?"

"Ni zan sani? Ka tambayi Baba, shi ne mai kallo."

"Ranar da wayarki ta faɗi a gidan shayi, murfinta ya cire. Ni na ɗauko miki katin da ke ciki, kin tuna? Kati mai arha, na dala talatin. A bayansa an rubuta, na Shan, ki jira ni." Ya ɗan murmusa. "Sa hannunsa arba'in da ɗaya gare ni a gida. Ko cikin barci na ga rubutun yaron nan zan gane shi."

Jama'a, kun ji fa. Sati uku yana riƙe da wannan, yana zuba min shayi, yana tambayata ko na ƙoshi.

"To me kake so?"

"Kalma ɗaya. Lafiya ko ba lafiya. In kin ce ba lafiya, sai in ce wa Baffa na fasa, in mayar da katina jaka. Akwai wani dillali a Taipei da ya daɗe yana roƙona in sallama masa duka, shi zai kwasa. Babanki ya tsira, mamanki ta ga dusar ƙanƙararta."

"In na ƙi fa?"

"Sai in ɗauka lafiya lau ne, in sayar wa Baffa da zuciya ɗaya."

"Kana zargin hannun ya lalace, ka kawo wa mahaifina?"

"Zargi ba sani ba ne. Ke ce mai sani." Ya duba agogonsa. "Maganar katin cikin waya kuma, ni ba mai surutu ba ne. Kowa da ƙuruciyarsa. In mun daidaita, ta mutu a lungun nan."

Ya koma ciki ya bar ni.

Na kira A-Ting. Ta yi ta ringi. Na sake. Sai na tuna ana tsakiyar wasa, ko ba ya jifa dole yana zaune a benci, wayarsa na kulle a ɗakin canza kaya. Na rubuta, "Ka kira ni yanzu yanzu." Na goge. Na rubuta, "Akwai matsala, Baba zai sayi katin zinare. In faɗa masa?" Na tura. Na tsaya ina kallon saƙon, ko alamar an karanta babu.

Ku gaya min, ku da kuke nesa kuna karantawa a kwance, me za ku yi? In na buɗe baki a gaban Likita, na sayar da abin da A-Ting ya hana mahaifiyarsa ya ba ni. In na yi shiru, ranar Juma'a katin nan ya zama kwali, kuma Baba zai gane wata rana cewa ina tsaye ina kallo.

Na shiga. An jera kwanuka, kifi da ganyen dankali da naman da Baba ya ware tun asuba. Ba wanda ya ɗauki tsinken cin abinci. Baba ya sa tabarau, ya buɗe manhajar banki a wayarsa, Likita na karanto masa lambobi a hankali kamar mai karanta wa yaro.

"Sifili, takwas, biyu…"

"Dakata, dakata, idon nan. Takwas ka ce?"

Mama na tsaye jikin firji ta harɗe hannu. Ba ta kallon kowa.

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na ɗora tafin hannuna a kan fuskar wayar.

"Baba, kar ka saya."

Goggo ta ce, "Ke! Meye haka a gaban baƙo?"

Baba ya ɗago ta saman tabarau. "Dalili?"

Likita ya jingina da kujera. Idonsa na kan bakina, jira yake kawai.

"Dalili, Pei-shan," Baba ya sake cewa.

"Don ba na so ka karɓi ragi daga hannun mutumin da ba zan aura ba." Muryata ta fito siririya, na ƙara mata ƙarfi. "Likita, ka yi haƙuri, na ɓata maka lokaci. Ina da wanda nake so. Shekararmu biyu."

"Wane ne?" Mama ce, daga jikin firji.

Na nuna katin da ke tsakiyar tebur.

Kowa ya bi yatsana da ido.

Goggo ce ta fara samun baki. "Ɗan ƙwallo? Ɗan ƙwallo, Pei-shan? Ni da na yi wata huɗu ina sintiri gidan su Likita, har uwarsa ta fara kirana 'yar'uwa! Yaya, ka yi magana mana! Mei-chu, kina ji?"

Likita ya miƙe. Ya rufe ɗan akwatin, ƙyas, ya saka a jaka. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ba komai, Goggo. Baffa, na gode da karɓa." Ya zo wucewa ta gefena ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Wadda saurayinta zai ƙara aji ba ta hana ubanta saye. Na gode, kin amsa min."

Tun kafin ya kai ƙofa wayarsa na kunnensa.

Goggo ta bi shi tana ba da haƙuri. Baba ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "Biyo ni."

Muka shiga ɗakin ajiya, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na kwalabe. Ya tura ƙofa. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Na shirya mata, na ma fi son ta zo in huta.

"Kafaɗa ce ko gwiwar hannu?"

Na ɗago.

"Kar ki kalle ni haka. Sati biyu ina ganin yana sauke hannu in zai saki ƙwallo. Na ce wa kaina idona ne ya tsufa. Da na ga Baturen nan yau…" Ya murza ido. "Na fi so in yarda ɗaga shi za su yi. Shi ya sa na so in saya, ko bakina ya kama. Wanne ne?"

"Baba, na yi alkawari."

Ya gyaɗa kai. "To riƙe abinki."

Nan wayata ta hau ruri. Kiran bidiyo. Sunan da na ɓoye shi da shi ya fito, Mai Kawo Gas. Baba ya karanta, gefen bakinsa ya motsa, ya miƙo hannu.

"Ba ni mai gas ɗin."

Ya danna. Fuskar A-Ting ta cika wayar, hular wasa a kansa, ƙanƙara ɗaure a hannunsa na dama. "Shan, na ga saƙ—" Ya daskare. "Baffa."

"Zauna, A-Ting. Ka ci abinci?"

"Ban… ban ci ba, Baffa."

"Za ka ci. Pei-shan, fita ki ja min ƙofa."

Na fito. Mama na zaune ita kaɗai gaban abincin da ya huce, tana ɓare mangwaron Likita da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Ta tura min kujera da ƙafa, na zauna. Ta cikin ƙofa ina jin muryar Baba ƙasa-ƙasa, ba faɗa, doguwar magana. Sau ɗaya na ji kamar A-Ting na kuka. Minti ashirin, talatin. Zuciyata ta fara sauka. Har na fara tunanin wataƙila, wataƙila, ranar nan ba za ta ƙare da muni ba.

Sai kwamfutar Baba da ke jingine da kwalba ta fara ƙara. Ting. Ting. Ting-ting-ting. Zauren masu kati ne. Na jawo ta.

Likita ne ya rubuta, da sunansa, ko ɓoyewa bai yi ba.

"Na sallama katunan Shih duka arba'in da ɗaya yanzun nan. Ba zan ce komai ba. Mai son sanin lafiyar hannunsa ya je lungun romo a Tainan ya tambayi budurwarsa, ita ta ba ni shawara."

A ƙasa saƙonni na zubowa. Wani ya ɗauki hoton maganar ya kai shafin labarin wasanni. Wani ya saka hoton shagonmu, da allon sunanmu, da lambar waya. Wayar bango ta fara ƙara.

Mama ta karanta ta kafaɗata. Ta ajiye wuƙar.

Ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe. Baba ya fito, idonsa ja, ya miƙo min wayar. "Wani saƙo ya shigo masa. Yana son magana da ke."

Fuskar da na gani ba wadda ta kira ɗazu ba ce.

"Shan, tafintana ya turo min wani abu. Wa kika faɗa wa?"

"Ban faɗa wa kowa ba. Na rantse maka, ko Baba ban—"

"Ya ce ke kika ba shi shawara. Wane ne shi ma? Me yake yi a gidanku?"

"A-Ting, ka tsaya in yi maka bayani."

Wani ya kira sunansa da Turanci daga bayansa. Ya waiga, ya juyo.

"Manaja ke nemana a ofis."

Wayar ta yi duhu.

Na tsaya riƙe da ita, wayar bango na ta ƙara ba mai ɗagawa. Baba ya sa tabarau ya karanta abin da ke kan kwamfutar tun daga sama har ƙasa, bakinsa na motsi. Ya kwance rigar aikinsa ya ninke ya ajiye a kan kujera. Ya ciro makullin babur daga ƙusa.

"Ina ne asibitin Likitan?"

"Baba, don Allah—"

Mama ta miƙe ta fizge makullin daga hannunsa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ga mai hankali ta hana. Sai na ga ta ɗauko hular kwano biyu daga saman firji, ta dangwara masa ɗaya a ƙirji.

"Kai ba ka san hanya ba," in ji ta. "Hau baya."